A Zo A Ɗauki Maciji Har Da Lambunsa: Me Ke Faruwa Ne A Gidajen Masu Kiwon Dabbobi Masu Jan Ciki?

Wai me zai sa mutum ya zuba kuɗi ya sayi tsaka ko kwaɗo ko maciji, ya saya masa akwatin gilas, ya zuba ƙasa ya yi shuke-shuke a ciki, ya haɗa fitilu da na'urar feshin ruwa, sannan bayan shekara biyu ko uku ya fito yana cigiyar wanda zai zo ya ɗauke dabbar da akwatin da shukokin gaba ɗaya, wani lokacin ma a kyauta? A Amurka da Ingila da Jamus wannan abu ya zama ruwan dare, kuma duk sanda irin labarin ya iso wajen mutanenmu amsa biyu ake bayarwa, wasu su ce ai Turawa ne da rashin aikin yi, wasu su ce to ba sai ya buɗe ƙofa ya sake ta ta koma daji ba, meye na wahala? Amsa ta farko ba zan tsaya musu a kanta ba, kowa da abin da yake so, mu ma muna da masu tattabaru da gardawa masu wasa da maciji. Amma ta biyun ita ce ta jawo wa wasu ƙasashe bala'in da har yau suna fama da shi, kuma za mu zo kanta.

Wane irin akwati ne wannan?

Su suna kiransa terariyam, in kuma an yi shi yadda zai riƙa tsaftace kansa sai su ce bayo'aktif. Asalin dabarar tsohuwa ce. Wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward ne a 1829 ya lura tsiro ya fito ya rayu cikin kwalba a rufe ba tare da an ba shi ruwa ba, daga nan aka fara yin akwatunan gilas da ake ɗaukar tsirrai a jirgin ruwa daga wannan nahiya zuwa waccan. Masu kiwon kwaɗi da ƙadangaru suka ari dabarar daga baya.

Yadda ake haɗa shi kuwa hawa-hawa ne. Can ƙasa tsakuwa ko 'yan dunƙulen gasasshen yumɓu inda rarar ruwa zai taru, sai a shimfiɗa raga, sai ƙasar shuka da aka cakuɗa da gawayi da ɓawon itace da gansakuka, sai busassun ganyaye a sama. A nan ake dasa shukoki masu son inuwa da danshi. Sannan abin da ya fi ban sha'awa, da gangan ake zuba wasu ƙananan ƙwari a ciki, akwai 'yan mitsi-mitsi farare masu tsalle da ke cin fumfuna, akwai kuma waɗannan masu sulke da wasunsu ke naɗewa kamar ƙwallo in an taɓa su, su ne ke cinye kashin dabbar da ruɓaɓɓen ganye su mayar da shi taki, shukar ta sha. Wato mai akwatin ya ɗauki ma'aikatan shara kenan da ba sa karɓar albashi.

Wannan tsari ba ya kankama rana ɗaya. Sai an yi makonni ko watanni kafin saiwa ta kama, ƙwarin su hayayyafa, ƙasar ta daidaita. Shi ya sa in ka ji mai shi ya ce ba zai raba dabbar da akwatin ba, ba wai yana jin ƙyashin gilas ɗin ba ne, abin da ke cikin gilas ɗin ne ya ɗau lokaci.

Kuma dabbobin nan jikinsu ba ya samar da ɗumin kansa kamar na akuya ko kaza, zafin wurin da suke shi ne zafin jikinsu. Ƙadangaren nan mai gemu na Ostireliya yana buƙatar wurin shan hantsi mai zafi sosai da wata fitila ta musamman mai ba da irin hasken rana da ke sa jiki ya iya amfani da sinadarin ƙashi, in babu ita sai ƙasusuwansa su yi laushi, muƙamuƙi ya karkace, ƙafafu su lanƙwashe. Su kuma ƙananan kwaɗin nan masu launi kamar an yi musu fenti, na dazukan Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya, danshi suke so kullum, in akwatin ya bushe an gama. Saboda haka wanda ya karɓi irin wannan dabba ya karɓi yanayin wata ƙasa ne da dole ya riƙa kunna shi da lantarki dare da rana.

Me ke sa su gaji?

Na farko dai tsawon rai, kuma a nan ne yawanci ake yin kuskuren lissafi. Ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa in ta tsorata tana kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Tsakar Pakistan mai ɗigo-ɗigo tana iya kai 15 zuwa 20. Kunkuru kuwa ba a magana. Yaro ɗan shekara 14 ya matsa wa iyayensa aka saya masa, ya kai 18 ya tafi jami'a, ɗakin kwanan ɗalibai ba a yarda da dabba ba, uwa kuma ta ce ita wallahi ba za ta riƙa ciro daskararren ɓera daga firiji tana narkar wa maciji ba. To ina za a kai shi?

Sai gidan haya, mai gida ya ce ba ya son dabba. Sai aure, sai haihuwa, domin waɗannan dabbobi suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa taɓa su. Saboda wannan cutar ce tun 1975 Amurka ta hana sayar da 'yan kunkurun da ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba, don yara suna wasa da su har su kai baki.

Sai kuɗin wuta. A watan Afrilun 2022 an ɗaga iyakar da hukuma ke sa wa farashin wuta da gas na gidaje a Birtaniya da kashi 54 cikin 100 a tashi ɗaya, ƙungiyoyin kare dabbobi irin su RSPCA suka yi ta kokawa cewa mutane za su kasa riƙe dabbobin da rayuwarsu ta dogara da hita da fitila. Ka yi tunanin mutumin da ke kashe hitar ɗakinsa cikin sanyin Ingila don ya rage bil, ga akwati uku a falo kowanne da fitilarsa tana ci.

Akwai kuma yayi. Wani abu ya fito a wasan kwamfuta ko a katun, yara su rikice sai an saya musu. Haka aka yi da aksolotil, wata halitta dangin kwaɗi daga tafkin Sochimilko na birnin Meziko, bayan an saka ta a wasan Minecraft a 2021. Kyakkyawa ce kamar kullum murmushi take, amma ruwa mai sanyi take so, kuma in aka haɗa mace da namiji ƙwai ɗaruruwa za su zuba maka, ka wayi gari kana neman masu karɓa.

A tafi da akwatin ko a bar shi? Nan ne ake sa-in-sa

Masu cewa a ba da dabba tare da akwatinta suna da hujja mai ƙarfi. Dabbar ta san ramin da take ɓuya, ta san reshen da take kwana, ta san warin wurin. Irin waɗannan halittu in aka canza musu wuri sukan yi yaji su ƙi cin abinci, ƙaramar mesar nan ma ta yi suna a wannan, tana iya yin makonni ba ta ko kalli ɓera ba. In ta tafi da ɗakinta, abin da ya canza kaɗan ne. Na biyu, yawancin dabbobin da ke mutuwa a hannun sabon shiga ba mugunta ce ke kashe su ba, akwati ne da ba a haɗa daidai ba, to ga wanda aka riga aka haɗa aka gwada shekara da shekaru yana aiki. Na uku, mai bayarwa hankalinsa ya fi kwanciya, ya san ba a cikin bokitin roba za a jefa masa dabba ba.

Su kuma likitocin dabbobi da masu cibiyoyin ceto ba haka suke kallon abin ba, kuma gaskiya ni na fi jin maganarsu. A wajensu duk sabuwar dabba sai an killace ta, wata ɗaya zuwa uku, a cikin akwati fayau, ƙasansa farar takarda kawai da kwanon ruwa da wurin ɓuya. Dalili? A kan farar takarda za ka ga kashinta ka san ko tana gudawa, ka ɗiba ka kai gwaji, za ka ga ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jinin maciji kamar 'ya'yan kaska in suna nan. A akwati mai shuka kuwa ma'aikatan sharar nan sun cinye shaidar tun kafin gari ya waye. Kyan akwatin shi ne aibinsa, komai a lulluɓe yake da kore.

Kuma ƙasa ba ta wankuwa. In ƙwarin jinin nan suka shiga akwati mai shuka, maganin da zai kashe su zai kashe masu sharar ma, dole sai an kwashe komai an zubar an fara daga farko. Akwai wata cutar hanji da ke addabar tsakar Pakistan, dabbar ta yi ta ramewa har jelarta ta zama kamar tsinke, ƙwayoyinta suna jure yawancin magungunan wanki. Ga kwaɗi kuma akwai wata fumfuna mai kama fata da ake kira kitrid, wadda wani babban bincike da ya fito a 2019 ya ce ta taɓa nau'in dangin kwaɗi kusan 500 a duniya, 90 daga ciki ana ganin sun ƙare ƙurmus. A cikin ruwa da danshi take zama, wato daidai abin da akwatin ke cike da shi.

To gaba kura baya sayaki. Abin da masu hankali a harkar ke yi shi ne su bi tsakiya. In dabba ɗaya ce, ta daɗe a akwatin lafiya lau, kai kuma ba ka da wasu a gida, ɗauke ta da ɗakinta, ka kai kashinta gwaji, shi kenan. In kana da wasu dabbobin, sabon akwatin ya zauna a wani ɗaki daban da kayan aikinsa daban, shi za ka riƙa taɓawa a ƙarshe sannan ka wanke hannu. Abin da kowa ya yarda haramun ne a harkar shi ne a ce dabbar da ke ciki ta mutu, ba a san me ya kashe ta ba, sai a sayar da akwatin yadda yake wani ya zuba sabuwa. Araha ba ta ado.

Kyauta ce ko ciniki?

Za ka ga an ce ba sayarwa ake ba, gida ake nema mata, amma sai a yanka wani kuɗi a ce na sauya gida ne. Wannan yana da fuska biyu. Fuska mai kyau ita ce duk abin da aka ce kyauta ne yana jawo waɗanda ba don dabbar suka zo ba, wani akwatin yake so, ya karɓa ya sayar da gilas da fitilu, dabbar kuma oho. Ɗan kuɗin da aka sa yana tace irin waɗannan, kuma wanda ya kasa biyan wannan ta yaya zai biya likita?

Ɗaya fuskar kuma dabara ce. Kasuwar Facebook ta hana tallar dabbobi masu rai, shafin tallace-tallace na Craigslist ma ya hana sayar da dabbobin gida sai dai sauya musu gida da ɗan kuɗi kaɗan. Sai 'yan kasuwa suka gano ƙofa, a sa hoton akwati a ce shi ake sayarwa, wanda ke ciki kuma gyara ne. Haka mai kiwo don riba yake sajewa da mai neman taimako. Hanyar gane su ba wuya, mai neman gida na gaskiya shi ne zai dame ka da tambaya, ka taɓa kiwo, ina za ka ajiye, wa zai kula in ka yi tafiya. Ɗan kasuwa lambar asusu kawai zai turo.

Ga takardu kuma. Wasu nau'o'in suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 1975. A Birtaniya da Tarayyar Turai akwai kunkurun yankin Bahar Rum da ba a sayar da su sai da satifiket, saboda haka kalmar kyauta da kalmar sayarwa a nan bambancinsu na iya kai mutum gaban alƙali.

To a sake ta mana ta kama gabanta

Nan ne na ce za mu dawo. Dabbar da aka saka a ƙasar da ba tata ba ɗayan biyu ne, ko ta mutu cikin wahala a sanyin farko, ko ta rayu ta zame wa 'yan gida annoba. Jihar Fulorida ta Amurka ita ce babban misali. Manyan mesoshin Bama da aka shigo da su don kiwo, wasu suka tsere wasu aka sake su da suka yi girman da ba a zata ba, suka samu fadamar Ebagiles da ɗumi da abinci suka baje. Wani bincike na 2012 ya nuna wasu ƙananan namun dajin wurin ganinsu ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. A shekarar ce Amurka ta hana shigo da wannan mesa, kuma tun 2013 jihar ke shirya gasar farautarta da kyaututtuka, har yau ba a ga bayanta ba. Shi ya sa hukumar namun dajin jihar take da shirin afuwa, ka kawo dabbarka ko da ba bisa ƙa'ida ka riƙe ta ba, ba tara ba tuhuma, su nema mata mai riƙo, don dai kar ka kai ta bakin rafi da dare.

Kififiyar nan ta Amurka, wato kunkurun ruwa mai jan tabo a gefen kai, ita ma haka, ana sayen ta tana kamar kwabo, ta girma ta kai faranti, sai tafkin unguwa. Turai ta hana shigo da ita tun 1997, Japan kuma daga watan Yunin 2023 ta ce wanda ke da ita ya ci gaba da riƙo amma sayarwa da saki laifi ne. A Birtaniya dokar 1981 ta namun daji ta haramta sakin dabbar da ba 'yar ƙasa ba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ƙasar akwatin da ruwansa ma saki ne. Wata 'yar'uwar kitrid da masana ke ganin ta shigo Turai daga Asiya ta hanyar cinikin dabbobin kiwo ta kusa share wani nau'in salamanda, wata halitta dangin kwaɗi mai jela kamar ƙadangare, a Holan, aka gano ta a 2013, abin da ya sa Amurka a 2016 ta toshe shigo da nau'in salamanda 201. Mutum ya ba da kwaɗinsa, ya juye ƙasar akwatin a bayan gida da zuciya ɗaya wai taki ne, bai san abin da ya shuka ba.

Ranar ɗauka

Ba a aika akwati mai shuka ta gidan waya, dole wanda zai karɓa ya zo da mota, wannan kaɗai ya rage masu nema sosai. Kuma dabbar ba ta tafiya a cikinsa, maciji a jakar yadi a ɗaure cikin kwali, kwaɗo a 'yar roba mai huji da jiƙaƙƙen gansakuka, kuma ba a ba maciji abinci kwana biyu-uku kafin tafiya don kar ya amayar. Sai a zuƙe ruwan da ya taru a ƙasa, kowace lita kilo ɗaya ce, a ciro duwatsu da manyan itace don birki ɗaya zai sa su fasa gilas, a ɗora akwatin kan katako a ɗauka a miƙe. In aka karkata shi hawa-hawan nan suka cakuɗe, aikin shekara ya zama taɓo.

A ƙirga dabbobin ma. Ƙananan kwaɗin nan suna shigewa cikin ganye, wasu suna ajiye 'ya'yansu a ɗan ruwan da ke taruwa a tsakiyar shuka. Akwai ma wata 'yar tsaka da kusan dukansu mata ne, suna yin ƙwai ya ƙyanƙyashe ba namiji, suna manna ƙwan a jikin gilas ko bayan itace, mutum ya sayi akwatin da aka ce masa babu kowa, bayan wata biyu ya ga baƙi suna yawo. Sannan a tambayi shekarun fitilar, don tana daina ba da hasken da ake buƙata tun tana ci da kyau a ido, galibi wata 6 zuwa 12 ake canzawa. In an isa gida a ƙyale dabbar mako ɗaya ko biyu, ba ɗauka ba nuna wa maƙwabta.

Mu ina namu a ciki?

Muna ciki fiye da yadda ake zato, sai dai ta ƙofar baya. Ƙaramar mesar nan da ta cika akwatunan Amurka da Turai 'yar yankinmu ce, shekara da shekaru ana fitar da ita daga Togo da Benin da Gana. Damo sarkin haƙuri ma haka, ana kwasar 'ya'yansa daga waɗannan ƙasashe a sayar da su da arha, mai saye bai san dabba ce mai son haƙa rami da cin ƙwari ba, ya yi ta ɗura masa ɓeraye har ƙiba ta kashe shi, haƙurin nasa bai cece shi ba.

Sai babban kunkurun Sahel, wanda ƙasarsa ta haɗa da Nijar da Chadi da Mali da Sudan da arewacin Najeriya. Amurka ta hana shigo da shi a 2000 saboda kaskar da ke ɗauke da cutar shanu, amma an riga an iya hayayyafa shi a can, ana sayar da jariransa da za su zauna a tafin hannu. Shi ne na uku a girma cikin kunkuran tudu na duniya, yana haura kilo 40, yana iya wuce shekara 70, yana haƙa rami ya ture shinge. Cibiyoyin ceto a can sun cika da shi har suna mayar da mutane, alhali a nan gida yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a daji.

Masu sha'awar shigo da irin wancan kiwo nan kuma, matsalarmu kishiyar ta Ingila ce. Su ɗumi suke saye, mu sanyi za mu saya. Tsakar nan mai gashin ido ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya, wadda aka ɗauka ta ƙare sai a 1994 aka sake ganinta, in zafi ya haura digiri 30 ya daɗe tana cikin haɗari, ka kawo ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu a ɗauke wuta da azahar, kafin a tada janareta an yi asara.

Namu sauya gidan da aka fi gani shi ne na kunkurun tsakar gida, wanda kaka ta ajiye tun ana zaune a babban gida mai ƙasa, yanzu an raba gado za a koma fulat mai tayil. A kan tayil ƙafafunsa zamewa suke, babu inda zai haƙa ya shiga in rana ta take, abincinsa kuma ciyawa ce da ganye, ba ragowar tuwo da shinkafa ba. Shi ba shi da akwatin gilas da za a ɗora a mota, tsakar gidan ce akwatinsa, don haka wanda ya ce a ba shi sai a fara zuwa a ga gidansa, akwai ƙasa, akwai inuwa, katangar tana da tushe mai zurfi, sannan cikin 'ya'yansa wa ke son dabbar, don da alama shi ne zai ƙarasa riƙon.